An Kawo Mulki Kusa, To Ina Kuɗin?

Ya ku 'yan'uwa talakawan ƙasar Haɗeja, manoma da masunta da 'yan kasuwa, sau nawa ke nan ana ce mana an kawo mulki ƙofar gida?

Kakanninmu sun ga zamanin En'e. Ba a taɓa yin hukumar da ta fi ta kusa da talaka ba: dagaci yana cikin gari, ɗan doka yana bakin kasuwa, alƙali da gidan yari duk nata ne. Kusancin nan kuwa shi ya sa ba mai tsere wa haraji da jangali da aikin tilas. Saboda wannan zalunci aka kafa NEPU a Kano a 1950. Watau hukuma ta matso kusa ba ta amfanin kowa in talaka ba shi da ikon tuɓe wanda ke kansa.

A 1976 aka rushe En'e aka kafa ƙananan hukumomi. A 1991 aka yanke Jigawa daga Kano, yau ƙasar Haɗeja tana da ƙananan hukumomi 8 cikin 27 na jihar. Ba mu musun an sami amfani. Ga jami'a a Kafin Hausa, ga 'ya'yanmu da yawa sun sami aiki. Amma fa kuɗin da Gwamnatin Tarayya ke ware wa ƙananan hukumomi, tsarin mulkin 1999 ya sa su bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha. Kowa ya san wanda ke riƙe da tukunya shi ke rabon tuwo. Ga zaɓen ma hukumar da gwamna ya naɗa ke shirya shi. Shugaban da ya hau ta wannan hanya, wa zai ji tsoro, mai sayar da tattasai ko mai gidan da ke Dutse?

Ran 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, ta kuma haramta shugabannin riƙo. Madalla. Sai dai hukunci a takarda ba ya gina rumfa. Ku masu busasshen kifi da riɗi da shinkafa, kowace ranar kasuwa ana yanka muku rasit. Ku je sakatariya ku tambaya nawa ya shigo a wata, nawa aka kashe a magudanar ruwa da rumfuna. A karanta a fili da Hausa, a manna a ƙofar kasuwa.

Sa'an nan ga maganar kogi, wadda ta fi ƙarfin kowane kansila. Tun da aka datse ruwa a Tiga a 1974, aka ƙara da Challawa a 1992, ambaliyar da ke shayar da fadama ta daina zuwa a kan ƙa'idarta. Ruwa ya riƙa kwanciya rani da damina, kacala ta toshe hanyoyinsa, wata gonar ta nutse, wata ta bushe. A 2020 da 2022 mun ga ɓarnar da ruwa ya yi daga Auyo har Guri. Mabuɗin madatsun nan kuwa yana hannun hukumar kogunan Haɗeja da Jama'are, ta Tarayya, mai hedkwata a Kano. Ba mu ce a yanka kogi gunduwa-gunduwa ba, don ruwan da ya wuce mu shi mutanen Nguru da Gashuwa ke jira. Abin da muke nema, ranar da za a tsara sakin ruwa, a ga manomin Kiri Kasamma da masunci da makiyayi zaune a wurin, da bakin magana, a kuma sanar da ƙauyuka tun ana sauran kwanaki.

Duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'arku, ku tsare shi da waɗannan tambayoyi a gaban jama'a kafin ya buɗe jakar atamfa.