Sharhi: Tafiya da bindiga daga jiha zuwa jiha, me doka ta ce?

Tun bayan harin da Lakurawa suka kai garin Mera da ke Ƙaramar Hukumar Augie a watan Nuwamban 2024, inda mutum 15 suka rasa rayukansu, batun mallakar bindiga domin kare kai ya sake tasowa a Masarautar Argungu da ma sauran sassan Jihar Kebbi.

Mutanen Mera sun bi sawun maharan ne domin ƙwato shanun da aka kore musu, kuma makaman da ke hannunsu ba su kai na maharan ba ko kusa.

Sai dai akwai wata tambaya da ba a cika yi ba a irin wannan muhawara. Idan mutum ya mallaki bindiga, ko da ta halattacciyar hanya ce, yana da ikon sa ta a mota ya tashi daga Birnin Kebbi, ya ratsa Argungu, ya shiga Sakkwato? Amsar ta dogara ne a kan irin bindigar, kuma ba ta da daɗin ji ga yawancin masu tambayar.

Kashi uku na bindigogi

Kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya sanya makamai da harsasai da abubuwan fashewa cikin jerin al'amuran da Majalisar Tarayya kaɗai ke da hurumin yi wa doka. Ke nan Majalisar Dokokin Jihar Kebbi ba ta da ikon cewa wane zai riƙe bindiga, haka ma ta Sakkwato da ta Zamfara.

Dokar da ake aiki da ita ita ce Dokar Bindigogi ta 1959, wadda aka yi tun kafin samun 'yancin kai, aka kuma sake buga ta cikin kundin dokokin tarayya na 2004. Dokar ta kasa bindigogi kashi uku.

Kashi na farko shi ne na haramtattun makamai: igwa da roka da bama-bamai da gurneti da bindigogi masu sarrafa kansu da bindigogin soja. Abin da ke bai wa mutane da dama mamaki shi ne, a cikin wannan jerin aka sanya fistol da libarba, wato ƙananan bindigogin da ake sakawa a ƙugu. A idon doka, ƙaramar bindigar da ɗan kasuwa zai ɓoye a ƙarƙashin kujerar motarsa tana aji ɗaya da bindigar yaƙi, kuma shugaban ƙasa ne kaɗai ke da ikon ba da lasisinta, shi ma in ya ga dama.

Dalilin haka bai da wuyar ganewa. Doguwar bindiga ba ta ɓoyuwa, ita kuwa fistol aljihun babbar riga ya ishe ta.

Kashi na biyu shi ne na bindigogin da mutum zai iya mallaka don amfanin kansa, kamar mai baki ɗaya da mai baki biyu da ake farauta da su, da bindigar iska. Lasisin waɗannan yana hannun Sufeto Janar na 'yan sanda.

Kashi na uku kuwa shi ne na bindigogin da ake ɗura wa albarushi ta baki, irin su adaka, wadda wasu ke kira bindigar toka ko harba-ka-ruga. A nan ne kawai dokar ta bar wa jiha abin cewa, domin ta bai wa Kwamishinan 'yan sanda na jiha damar hana riƙe irin wannan bindiga ba tare da lasisi ba, a duk faɗin jihar ko a wani yanki nata, da amincewar gwamna.

Dokar ta kuma fayyace cewa lasisi ba haƙƙin kowa ba ne. Ba a bai wa wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai matsalar gani, ko mashayi, ko wanda kotu ta samu da laifin da ya shafi tashin hankali a cikin shekaru biyar da suka gabata.

Hukuncin kuwa mai tsanani ne. Wanda aka kama da haramtacciyar bindiga ba tare da izini ba zai fuskanci ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba, kuma dokar fashi da makami ta 1984 ta tanadi hukunci makamancin wannan ga mallakar bindiga ba bisa ƙa'ida ba.

Inda iyakar jiha take da tasiri

Idan aka yi la'akari da wannan tsari, za a ga cewa batun tsallaka jiha da fistol bai ma taso ba ga yawancin jama'a. Wanda ba shi da izinin shugaban ƙasa ya riga ya karya doka tun yana cikin ɗakinsa a Birnin Kebbi, kafin ya kai shingen binciken farko a hanyar Argungu.

Mai lasisin Sufeto Janar kuma takardarsa ta tarayya ce, ba ta wata jiha ba. Amma lasisin na mutum ɗaya ne a kan bindiga ɗaya, ba a aro, ba a gado kai tsaye, kuma wajibi ne ya nuna shi idan ɗan sanda ya nema. Direban da maigidansa ya aika da bindiga a bayan mota ba shi da kariyar komai, ko da takardar maigidan tana aljihunsa.

Wanda ya fi shiga tsaka mai wuya shi ne maharbi mai adaka, wato talakan cikinsu. Tun da izininsa ya rataya ne a kan umarnin Kwamishinan 'yan sandan jiharsa, abin da aka amince masa a nan ba lallai ne a amince masa da shi a can ba.

Wannan ya fi zafi a kwarin Rima saboda tarihin yankin. Kafin 27 ga Agustan 1991, lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi, Argungu da Birnin Kebbi da Sakkwato duk jiha ɗaya ce mai Kwamishinan 'yan sanda ɗaya. A 1996 aka sake cire Zamfara. Dajin da maharban Augie suka gāda suna shiga bai canza ba, fadamar da manoman shinkafa ke gadi ita ce dai, amma yanzu tafiyar yini guda na iya kai mutum ƙarƙashin hukumar da ba ta san da takardarsa ba.

Ga kuma abin da kowa ya sani, cewa akasarin masu adaka a karkara ba su taɓa riƙe wata takarda ba tun asali. Maƙeri ne ya ƙera, uba ya bar wa ɗa. A ƙasar Kabi makami tsohon abu ne, wanda ya shiga gidan tarihi na Kanta da ke Argungu zai ga shaidar hakan.

Darasin Uromi

A ƙarshen watan Maris na 2025, wasu mafarauta 'yan Arewa suka taso daga Jihar Ribas a cikin babbar mota za su koma Kano bikin ƙaramar sallah. A garin Uromi na Jihar Edo 'yan banga suka tsayar da motar, suka ga bindigogin gargajiya, nan take aka yi musu kallon masu garkuwa da mutane. Taron jama'a ya far musu, aka kashe mutum 16, yawancinsu 'yan Ƙaramar Hukumar Bunkure.

'Yan sanda sun kama mutane da dama, Gwamnan Edo Monday Okpebholo kuma ya je Kano ta'aziyya.

Babu wata doka da ta halatta abin da aka yi wa mutanen nan. Ko da a ce ba su da lasisi ko ɗaya, hukuncinsu na kotu ne, ba na titi ba. Amma lamarin ya tona wani giɓi da ya daɗe a buɗe: babu wata sananniyar hanya da matafiyi zai bi ya nuna wa jami'i, balle ɗan banga, cewa makamin da ke hannunsa kayan sana'a ne. Babu takardar izinin wucewa da duk jihohi suka sani, babu rajistar da ɗan sanda a bakin hanya zai duba cikin minti biyu. Katin ƙungiyar maharba da ake girmamawa a Kano ko a Argungu, a wani wurin takarda ce kawai.

Abin da ya sa wannan ya shafi Kebbi shi ne, matasanta ma suna zuwa cirani kudu, wasu gadi, wasu farauta, kuma hanyar Yawuri zuwa Kontagora ba ta rabuwa da irin waɗannan matafiya.

Yadda Amurka ta yi

A Amurka matsalar ta juya ne. Can kowace jiha tana da nata dokokin bindiga, abin da ya halatta a Texas na iya kai mutum kurkuku a New York. Saboda haka a 1986 majalisar ƙasar ta yi dokar da ta bai wa matafiyi damar ratsa kowace jiha da bindigarsa, bisa sharaɗin cewa ta halatta gare shi a inda ya taso da inda za shi, a cire mata harsashi, a kuma ajiye ta inda hannu ba zai kai ba daga kujerar fasinja. Idan motar ba ta da but, sai a kulle ta cikin akwati. A jirgin sama ma haka ne: babu harsashi a ciki, a kulle cikin akwati mai ƙarfi, a sanar da kamfanin jirgi, a sa ta cikin kayan da ake aunawa.

Duk da haka an sha kama matafiya a New York da New Jersey, musamman waɗanda suka yada zango suka kwana, domin kotuna sun ce kariyar ta mai wucewa ce kawai.

Babu mai hankalin da zai ce Najeriya ta kwaikwayi Amurka wajen yawan bindigogi. Amma ƙa'idar nan ta raba bindiga da harsashi, a kulle, a bayyana ta kafin a tambaya, abu ne da zai yi wa maharbin Najeriya amfani in da an tsara shi an kuma sanar da shi ga kowa.

Gwamnoni da Abuja

Matsin da jama'a ke ciki ya sa wasu gwamnoni furta abin da ba su da ikon aiwatarwa. A 2021 Gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, ya yi kira ga jama'a su nemi makamai su kare kansu. A watan Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle a Zamfara ta ce za ta raba fom 500 ga kowace masarauta cikin masarautu 19 na jihar domin neman lasisi. Ba a jima ba rundunar 'yan sandan jihar ta ce takunkumin da aka sa wa ba da lasisi yana nan, Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, kuma ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi.

A watan Agustan 2023 Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya sanar da dakatar da ba da lasisin ƙananan makamai. Hujjar hukumomi ita ce makaman da ke yawo sun riga sun yi yawa. Wani ƙiyasi da cibiyar Small Arms Survey da ke Geneva ta fitar a 2018 ya nuna akwai bindigogi fiye da miliyan 6 a hannun fararen hula a Najeriya.

Wannan hujja tana da ƙarfi, amma ba ta amsa koken mutumin ƙauye ba. A watan Maris na 2022 'yan bindiga sun yi wa 'yan sa-kai kwanton ɓauna a Masarautar Zuru, suka kashe fiye da 60. A watan Yunin 2021 an kwashi ɗalibai daga kwalejin gwamnatin tarayya da ke Birnin Yawuri, a watan Nuwamban 2025 kuma aka sace 'yan mata 25 daga makarantar Maga. Ɗan bindiga ba ya cike fom. Wanda rufe ƙofar lasisi ya shafa shi ne mai niyyar bin doka, kuma idan ya rasa hanya, kasuwar bayan fage ba ta rufe ba.

Masu goyon bayan matakin gwamnati suna da amsa: rikicin Zamfara ya ƙazanta ne bayan da 'yan sa-kai suka riƙa yanke hukunci da hannunsu, abin da ya jawo ramuwar gayya. Duk wanda ya bibiyi rikicin ya san akwai gaskiya a wannan magana.

Iyakar ƙasa

Jihar Kebbi tana da wata iyakar da ta fi ta Sakkwato da Zamfara da Neja haɗari ga mai bindiga, wato iyakarta da Jamhuriyar Nijar da Jamhuriyar Benin. Daga Kamba zuwa Gaya, ko daga Kangiwa zuwa ƙauyukan Jihar Dosso, dangi ne ke ziyartar dangi, kasuwa ɗaya ake ci.

Amma lasisin Najeriya, ko na wane ne, yana ƙarewa ne a bakin iyaka. Wanda ya tsallaka da bindiga ya shiga hukuncin wata ƙasa, idan ya dawo da ita kuma dokar Najeriya na kallonsa a matsayin mai shigo da makami, abin da ke buƙatar izini na musamman.

Yarjejeniyar ECOWAS kan ƙananan makamai, wadda aka sanya wa hannu a Abuja a 2006 ta kuma fara aiki a 2009, ita ce ta haɗa ƙasashen yankin a kan tsari ɗaya na sa ido. Nijar ta kammala ficewa daga ƙungiyar a watan Janairun 2025, a daidai watan da Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ayyana Lakurawa a matsayin 'yan ta'adda.

A 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sanya hannu kan dokar da ta bai wa cibiyar yaƙi da yaɗuwar ƙananan makamai, da ke ƙarƙashin ofishin Mai Ba da Shawara kan Tsaron Ƙasa, cikakken matsayi a doka. Aikin cibiyar ya fi karkata ga tattara haramtattun makamai da lalata su. Maharbin da zai tashi daga Argungu zuwa wani daji a Jihar Sakkwato da adakarsa kuwa, dokar 1959 ce ke hukunta shi, kuma abin da zai tarar a shingen bincike ya rataya ne a kan jami'in da ya tarar a wurin.