Waiwaye: Mulki ya dawo gida, amma bai iso 'Yargoje ba

Bayan Janar Babangida ya soke zaɓen 12 ga Yunin 1993, wata magana ta Turanci ta cika jaridun Legas: "power shift". Abin da ake nufi shi ne mulki ya bar wani yanki ya koma wani, abin da mu ke kira karɓa-karɓa. A 1999 maganar ta tabbata, domin Obasanjo da Olu Falae da suka fafata duk Yarbawa ne.

Mu ma muka karɓi maganar, muka ba ta tamu ma'ana: in ɗan gida ya hau, kakarmu ta yanke saƙa. Kuma Katsina ta samu abin da jihohi da yawa ba su samu ba. Umaru Musa 'Yar'adua ya hau a 2007, Buhari na Daura a 2015. A Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, mata da tsofaffi sun sha rana a layin zaɓe, suna cewa "namu ne".

Daren 11 ga Disamban 2020, 'yan bindiga suka kwashe yara sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, shugaban ƙasa yana Daura. A 2023 mulki ya sake komawa kudu, hannun Tinubu. A Yunin 2024 aka auka wa ƙauyen 'Yargoje na Ƙanƙara da dare, aka kashe mutane da dama, aka tafi da wasu daji. Ɗan gida na kan kujera an zubar da jini, ya sauka ma ba a fasa ba.

Abin da ke ci mini rai shi ne, mulkin da ya sauya hannu a waɗannan garuruwa ba wanda jaridu ke lissafi ba ne. Da, manomi gaban dagaci yake zuwa in rikicin gona ya taso. Yanzu a ƙauyuka da yawa sai an haɗa kuɗi an kai wa mutanen daji kafin a shiga gona, a sake biya kafin a girbe masara. Wanda aka ɗauke masa ɗa ya sayar da shanun huɗa da gona, wani lokaci a ce ya haɗo da sabon babur da katin waya. Babu wanda ya kaɗa wa mutanen dajin ƙuri'a, amma su ke yanke ranar da za a yi shuka.