Daga Rumfar Doya: Fuskar da Muke Komawa Gida da Ita

 

Da hutun da ya wuce, ɗana mai karatu a Tamale ya dawo Bimbilla da kwamfutarsa. Wani dare bayan isha'i ya ce, "Baba, zo ka ga wani fim, sai ka ce don ku aka yi shi." Ni ba ma'abocin kallo ba ne, amma na zauna.

Sunan fim ɗin Holy Motors, wani Bafaranshe mai suna Leos Carax ya yi shi a 2012. Wani mutum ne, Oscar, ake yawo da shi cikin doguwar farar mota a birnin Paris tun safe har dare. Cikin motar akwai madubi da tarin kayan ɓad da kama. Duk inda aka tsaya sai ya fito a wani mutum dabam: yanzu tsohuwa mai bara, an jima mahaukaci ya ɓullo daga ramin kwata, can kuma uba ya je ɗauko 'yarsa, sai ga shi tsoho a gadon mutuwa. Akwai wuraren da na sa yaron ya tsallake, don ba na kallon iyali ba ne. Da dare ya yi aka sauke shi a wani gida, wai nan zai kwana, ashe iyalin gidan birai ne. Na tashi na ce, "Kai, wannan ai shirme ne."

Amma fa na kwana ina juyi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, har aka gama ban ga ranar da mutumin nan ya zama kansa ba.

Washegari da na faɗa wa yaron, sai ya nuna mini wani, ya ce wannan a ƙasar nan aka yi. Sunansa Jaguar, na Jean Rouch, an fara ɗaukarsa a 1954, ya fito a 1967. Samari uku ne daga Ayorou ta Nijar: Damouré Zika, da Lam Ibrahim Dia makiyayi, da Illo Gaoudel masunci. Suka taso cin rani zuwa Gana, zamanin tana hannun Ingila. Lam ya ajiye sandar kiwo ya kama tireda a kasuwar Kumasi. Illo ya shiga lebura a bakin teku. Damouré ya samu aiki wurin masu katako a Ankara, ya zama ɗan gaye, yana taku ɗaiɗai a titi. Irinsu ake kira jaguwa, da sunan motar nan ta masu hali. Da suka koma gida, abin da suka tara wata da watanni a yini guda suka rabar, kowa ya koma kan tsohuwar sana'arsa. Wani abin dariya, ba a ɗauki murya lokacin tafiyar ba. Daga baya aka zaunar da su suna kallon kansu suna ba da labari, suna ƙara gishiri yadda ɗan cin rani ya saba in ya dawo.

To jama'a, wannan ba mu ba ne? A ƙauye wurin manomi ina marairaicewa, ina rantsuwar kasuwa ta faɗi, don ya rage mini a ƙwaryar doya. A shingen hanya ni bawan Allah ne mara baki. A Ankara ni Alhaji ne mai mota cike da kaya, ko da rabin kayan bashi ne. A nan a ce mini Bahaushe baƙo, in na je Katsina garin kakana a ce ga ɗan Gwanja ya zo. Wata fuskar ma ɗora mana ita ake yi. Mahaifina a Salaga aka haife shi, amma da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasa a Nuwamban 1969, sai da ya yi ta neman shaidar cewa shi ɗan nan ne.

Wannan duk ban ga laifinsa ba. Bafatake ya san kowace kasuwa da harshenta, kuma Bahaushe ya ce in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya. Inda ɓarnar take shi ne a shigo da fuskar kasuwa cikin gida.

Bari in tona wa kaina asiri. Wata shekara motar da na yi wa lodi ta lalace a hanya kwana huɗu, doya ta ruɓe, jarina ya tafi. Da na dawo ban faɗa wa uwargida ba. Na ci bashi na yi wa yara ɗinkin salla, na yanka rago, ina ta fara'ar ƙarya. Wata uku ina wannan wasan kwaikwayo, sai ga mai bashi a ƙofar gida. Ba asarar ce ta ƙona mata rai ba. Cewa ta yi, "Malam, ashe ni ma 'yar kallo ce?" Ta buɗe adaka ta ɗauko kuɗin adashinta, da su na sake tsayawa. Da na yi magana tun ranar farko, da bashin bai kai rabin haka ba.

Yau abin ya fi na zamaninmu tsanani. Yaro yana kwana a barandar shago a Kumasi, amma ya jingina da motar wani ya ɗauki hoto ya tura gida ta WhatsApp. Su kuma na gida su ga hoto su aiko da jerin buƙatu. Ya kasa cewa babu, sai bashi, daga bashi sai taɓa kuɗin ubangida, daga nan sai ɓatan suna. Iyaye, mu ma da namu: in ba ma tambayar yaro sai "me ka aiko?", mu ne muka ɗinka masa rigar ƙaryar.

Shawarata guda ce. Kowane ɗayanmu ya samu mutum ɗaya, mata ko uwa ko amini, wanda ya san ainihin abin da ke aljihunsa da abin da ake binsa. Ka sa duk rigar da kasuwa ta nema, amma in ka iso zaure ka tuɓe ta.

Allah ya rufa mana asiri, ya sa albarka a nemanmu. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.