Gyara Kayanka Ba Ya Zama Sauke Mu Raba

A zamanin da, duk mai son yin fim sai ya nemi babbar na'urar ɗaukar hoto da kuɗi masu yawa. Yau kuwa wayar hannu guda da kwamfuta guda sun ishi ɗaliban aji biyar su shirya ɗan gajeren fim na minti goma, su nuna shi ranar ba da kyaututtuka a gaban iyaye da malamai. Wannan abin farin ciki ne. Amma akwai abin da ke damunmu, wanda muke so mu tattauna da ku a wannan shafi. Sau da yawa ranar bikin ita ce rana ta farko da wani baƙon ido yake ganin fim ɗin. In akwai kuskure a ciki, a gaban jama'a za a gano shi, lokacin da babu sauran damar gyara. Wahalar zango guda da kuɗin da iyaye suka tara sai su tafi a banza, a tashi ana tambayar juna, "Wai me ya faru a ƙarshe?"

Ra'ayinmu shi ne kada a ce an gama fim sai an nuna shi ga mutanen da ba su san labarin ba, an kuma saurari abin da suka gani. Amma kada a miƙa musu linzami. Masu iya magana sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Wanda ya ce maka kayanka sun karkace ya taimake ka, amma har yanzu a kanka kayan suke, kai za ka kai su gida.

Me ya sa mai shirya fim ba ya iya ganin kuskurensa da kansa? Dalili shi ne labarin yana cikin kansa tun kafin a ɗauki hoto. Shi ya rubuta shi, ya karanta shi sau talatin, yana wurin sa'ad da aka ɗauki kowace fitowa. In wani abu ya ɓace daga hoton, zuciyarsa sai ta cike gurbin ba tare da ya sani ba. Ya san cewa yaron da ya shiga ofishin malami ba shi ne wanda ya fito ba, amma mai kallo yara biyu ya gani masu tsawo ɗaya cikin kayan makaranta iri ɗaya. Ya san abin da yarinyar ta faɗa a bakin rijiya domin ya haddace maganar, amma mai kallo ƙarar iska da ta janareta kaɗai ya ji. Ya san an yi shekara uku tsakanin fitowa ta biyu da ta uku, amma babu abin da ya nuna haka a majigi. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Manyan masu sana'ar ma ba su tsira daga wannan ba. A farkon shekarun 1950 wani Bafaranshe mai suna Jean Rouch ya ɗauki fim a kan yadda Sarkawa masunta ke farautar dorina a kogin Kwara, kusa da garin Ayoru na ƙasar Nijar. Da ya haɗa fim ɗin a Faransa sai ya sa kiɗa a wurin farautar, domin a ganinsa kiɗan zai ƙara wa abin armashi. Daga baya ya koma Ayoru ya nuna wa masuntan. Suka ce masa ya yi kuskure. A wurinsu farautar dorina a cikin shiru ake yin ta, kiɗa kuwa ƙarfin zuciya zai ba dorinar. Rouch ya karɓi maganarsu, ya cire kiɗan. Daga nan ya mai da nuna wa mutane fim ɗin da ya ɗauka a kansu wani ɓangare na aikinsa. Ku duba fa, shi ne mai ilimin fim, amma masuntan ne suka san dorina.

A Amurka kuma, Billy Wilder ya shirya fim mai suna Sunset Boulevard wanda ya fito a 1950. Da farko ya buɗe shi ne a ɗakin ajiye gawa, inda gawawwaki ke ba juna labarin yadda suka mutu. Ba don raha ya yi hakan ba, amma da aka yi nunin gwaji a garin Evanston sai 'yan kallo suka yi ta dariya. Wilder bai tsaya yi musu bayani ba. Ya jefar da wannan fitowa, ya sake wata wadda ta fara da gawar mutum a cikin tafkin wanka. Fim ɗin ya ci kyautar Oscar har guda uku. Babu ɗan kallon da ya gaya masa yadda zai gyara. Dariyarsu ta nuna masa inda matsalar take, shi kuma ya nemo maganin da kansa.

Mu a ƙasar nan muna da namu darasin tun zamanin majigi. A 1939 gwamnatin Ingila ta kafa sashen shirya finafinai domin ƙasashen da take mulka, ta ba William Sellers shugabancinsa, wanda a da jami'in kiwon lafiya ne a Legas. Sellers ya ɗauka cewa mutanen Afirka ba za su gane fim ba sai an yi shi a hankali ƙwarai, ba tare da dabarun hoto ba, aka kuwa yi shekaru ana bin wannan ƙa'ida. A farkon shekarun 1950 aka tura wani mai binciken al'adu, Peter Morton-Williams, ya zagaya ƙauyukan Yarabawa da Hausawa da Berom da Ibo, yana nuna finafinan yana sauraron mutane. Ya tarar cewa 'yan kallo suna saurin gane yadda fim ke tafiya. Abin da ke sa su karɓi saƙo ko su ƙi shi shi ne ko ya dace da zamansu. Ashe an daɗe ana yanke wa mutane hukunci ba a tambaye su ba. Kada mu ma mu yi wa 'yan aji ɗaya ko iyayenmu na ƙauye irin wannan raini.

To, wani zai ce, tunda haka ne, sai mu bi duk abin da 'yan kallo suka faɗa. A nan kuma ba mu yarda ba. A 1942 aka yi nunin gwaji na fim ɗin Orson Welles mai suna The Magnificent Ambersons a garin Pomona na jihar Kalifoniya. Da yawa daga cikin 'yan kallon ba su ji daɗinsa ba. Shi Welles yana ƙasar Brazil a lokacin. Kamfanin RKO ya tsorata, ya yanke fiye da minti 40 daga fim ɗin, ya mai da shi minti 88, ya kuma liƙa masa wani ƙarshe mai daɗi. Abin da aka yanke an lalata shi, masana fim kuwa suna ta baƙin cikin wannan asara. Nan gyara kayanka ya zama sauke mu raba. Shi ya sa a kamfanin Pixar, masu finafinan zane, sukan tara ƙwararrunsu su kalli fim tun bai kammala ba su faɗi gaskiya, amma taron ba shi da ikon tilasta wa mai ba da umarni ya bi shawararsa.

Ɗan kallo kamar majinyaci yake a asibiti. In ya ce cikinsa na ciwo, gaskiya ya faɗa, babu mai yi masa musu. In ya ce a yi masa allura kaza, wannan kuma sai likita ya duba. Mai kallo zai ce ƙarshen fim bai yi daɗi ba, a sake shi. Wataƙila kuwa ƙarshen lafiyarsa lau, matsalar tana minti na biyu, inda ba a nuna sosai cewa yaran nan biyu wa da ƙane ne ba.

Yaya za a yi wannan nunin gwaji a makaranta irin tamu? Ga shawarwarinmu.

Na farko, a yi shi da wuri. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A bar aƙalla mako biyu kafin ranar biki, tun 'yan wasa suna nan ba su shiga jarrabawa ba, domin in ta kama a sake ɗaukar wata fitowa a samu dama. Wanda ya ce babu lokaci ko kuɗi, ya tuna cewa aji guda da maraice guda kaɗai ake bukata.

Na biyu, a zaɓi masu kallo da kyau. Abokan 'yan wasa ba za su taimaka ba, domin da zarar sun ga fuskar abokinsu sai shewa. A nemi mutum goma ko goma sha biyar masu kama da waɗanda za su cika ɗakin taro ranar biki: ƙananan ɗalibai, malami ɗaya ko biyu, Baba mai gadi, Mama ta ɗakin girki, wata daga zumuntar mata. In labarin ya shafi noma ko kasuwa ko al'adar wata ƙabila, a gayyato wanda abin yake rayuwarsa, kamar yadda Rouch ya koma wurin masunta.

Na uku, masu fim su kama bakinsu. Kada a yi gabatarwa, kada a ce, "Wannan wurin ba mu gama shi ba." Ranar biki ba za ku bi kujera kujera kuna bayani ba. Ku zauna a gefe ku kalli fuskokin mutane. Ku rubuta inda aka yi dariya, inda aka yi tsit, inda aka fara hamma ko hira. Jiki ya fi baki faɗin gaskiya.

Na huɗu, a san irin tambayar da za a yi. In kun ce, "Ya yi kyau?" amsa ɗaya za ku samu: "Kai, kun yi ƙoƙari!" Mu mutane ne masu kunya da kara. Ɗan aji ɗaya ba zai dubi idon babban ɗalibi ya kushe aikinsa ba, dattijo kuma ba ya son karya wa yaro gwiwa. Gara a ce wa mutum, "Ba mu labarin abin da ka gani." A tambaye shi wane ne wannan yaro, me ya sa ya gudu, a ina ya daina ganewa, wace magana ce bai ji ba. Masu iya rubutu a ba su takarda su rubuta ba tare da suna ba. In labarin da suka bayar ya bambanta da wanda kuka rubuta, kun ga inda aiki yake.

Na biyar, a tace abin da aka ji. In dambu ya yi yawa ba ya jin mai, haka fim ɗin da aka gyara don a faranta wa kowa. Abin da mutum ɗaya ya faɗa, a ajiye a yi tunani. Wurin da mutum shida suka yi tuntuɓe, lalle akwai dutse a nan. Ƙorafin da ya shafi rashin ji ko rashin ganewa, a gyara ba gardama. Wanda ya nuna an wulaƙanta wani mutum, ko an yi wa wata al'umma ƙarya, a gyara shi ko da baki ɗaya ne ya faɗa. Amma akwai ƙorafin da ke zuwa don gaskiya ta yi ɗaci. In fim ya nuna satar jarrabawa ko yadda manyan ɗalibai ke zaluntar ƙanana, za a samu mai cewa a cire don kada a ɓata sunan makaranta. A nan sai masu fim su zauna da malamin da ke kula da su, su tambayi kansu ko abin da suka nuna gaskiya ne, ko kuma an nuna shi cikin adalci. In haka ne, a bar shi. Wannan ɗacin shi ne dalilin yin fim ɗin tun farko.

Muna kuma da roƙo ga iyayenmu da malamanmu da 'yan'uwa na ikilisiya. In yaran nan suka gayyace ku kallon gwaji, kada ku rufe su da yabo kawai. Yabon da aka yi don kara yakan jawo kunya a gaban taro. Ku faɗi inda kuka ɓace, cikin ƙauna da sauƙin harshe, sa'an nan ku bar musu aikinsu. Kada babba ya yi amfani da girmansa ya mai da shawara doka, domin yaron da aka rubuta wa ƙarshen labarinsa bai koyi komai ba.

Ku kuma 'yan'uwanmu ɗalibai, mun san abin da wuya. Zama a ɗaki kana kallon mutane suna hamma a wurin da ka kwana uku kana haɗawa ba wasa ba ne. Amma gara mutum goma su yi hamma a aji da mutum ɗari biyar su yi a ɗakin taro. Wanda ya koyi sauraron gyara ba tare da fushi ba, ya kuma koyi tsayawa a kan abin da ya tabbata daidai ne, ya samu abin da zai amfane shi a ofis da gona da gidan aure, ko da bai ƙara riƙe na'urar ɗaukar hoto ba. Muna fatan ƙungiyar wasan kwaikwayo za ta sa ranar nunin gwaji a cikin tsarin aikinta na shekara mai zuwa, tun kafin a ɗauki fitowa ta farko. Allah ya ba da sa'a.