Ku Fito da Turmi, a Yi wa Masu Doka Dakuwar Cakulan

A wani biki da na je a Kurfi bayan ƙaramar salla, aka shigo da tire shaƙe da alkaki da cincin da alawar madara da gullisuwa, ga lemon kwalba cikin bokitin ƙanƙara. Tire ya zagaya ɗaki, kowa ta sa hannu. Da ya iso gaban gwaggona sai ta ɗauki alawa biyu, ta jujjuya su a tafin hannu, ta ƙulle a bakin mayafi. Ƙanwar amarya ta ce, "Haba Gwaggo, ki ɗan taɓa mana, ko don albarkar biki." Ta ce, "A'a ɗiyata, likita ya yi mani iyaka da zaƙi. Na kai ma jikoki." Haka ta wuni da kofin ruwa a gabanta, tana yi wa masu tauna murmushi.

Jama'ar Dutsin-Ma da Kurfi, a gidan wa babu irin wannan gwaggo? Ga mai ciwon suga, ga mai hawan jini, ga yaron da cikinsa ke ƙugi da zarar ya sha madara, ga wadda aka hana ta duk abin da aka yi da fulawa. Muna gayyatarsu suna da biki da walima, sannan mu ajiye musu abin da ba su da halin ci, mu ce mun karrama baƙi. Wannan abin kunya ne, kuma maganinsa yana jingine a bayan ɗakin girki, ƙura ta rufe shi: turmi da taɓarya.

Kakanninmu sun daɗe suna yin abin zaƙi ba tare da gashi ba. Dakuwa ke nan: aya da gyaɗa, a daka, a dunƙula. Abin da nake kira a yi shi ne a ɗauki wannan tsohuwar dabara, a janye sukarin da muka saba zuba mata, a sa dabino a madadinsa, a ƙara garin koko. Ba kokon da ake sha da ƙosai nake nufi ba, kar wata ta tafi dama gasara. Koko na itace nake nufi, wanda ake nomawa a Ondo da Kuros Riba, wanda Kwaddibuwa da Gana suka fi kowa nomansa a duniya, wanda da shi ake yin cakulan.

Ga yadda nake yi. Dabino goma sha biyu, a cire ƙwallo, a duba ciki saboda tsutsa, a jiƙa a ruwan ɗumi kamar minti goma in busasshe ne irin wanda ake kawowa daga Nijar. Soyayyar gyaɗa marar gishiri cikin gwangwanin madara ɗaya, a murje ɓawon, a sheƙe. A zuba ta a turmi a daka har ta fara sheƙi, alamar mai ya fara fita. Sai a tsane dabinon a zuba, da garin soyayyar aya rabin gwangwani, da garin koko babban cokali uku. A ci gaba da daka. Da farko zai yi ta warwatsewa kamar ba zai haɗu ba, kar ki karaya ki zuba ruwa. Can sai ki ji sautin taɓarya ya sauya, ta fara kamawa tana ɗagowa da nauyi, ƙamshin koko ya taso ya cika tsakar gida har yara su bar wasa su zo su tsaya a kanki. To ya yi. A dunƙula ƙanana, kowanne kamar ɗan ƙaramin goro, zai ba da wajen ashirin. Mai so ta mirgina su cikin riɗi ko kankararriyar kwakwa. In akwai firji a sa, in wuta ta yi halinta a rufe a kwano a ajiye gindin randa. Daga jiƙa dabino zuwa wanke turmi bai kai rabin awa ba, ba a hura gawayi ba, ba a taɓa gas ba. Babu madara a ciki, babu fulawa, babu ƙwai.

Yanzu ga inda nake so kowa ya buɗe kunne, don na san halinmu: da an ce abu na lafiya ne sai a ci kamar tuwo. Dabino zaƙi ne. Kusan kashi biyu cikin uku na nauyin busasshen dabino sukari ne, kuma jinin mai ciwon suga yana jin sa. Abin da ya sa wannan haɗi ya fi alawa shi ne ƙanƙantar zaƙin da ke cikin kowane dunƙule, wanda bai cika ƙaramin cokali ɗaya ba, sannan ya zo tare da man gyaɗa da dusar aya waɗanda ke rage saurin shigarsa jini. Saboda haka ɗaya ko biyu, bayan an ci abinci, ba cikin faranti ba. Mai ciwon suga ya tambayi ma'aikacin lafiyar da ke duba shi, in yana da na'urar awo a gida ya gwada bayan awa biyu ya ga yadda jikinsa ya karɓa. Mai ciwon ƙoda kuwa ya dakata sai likita ya yarje masa, domin dabino da koko da gyaɗa duk suna ɗauke da sinadarin fotashiyam da yawa. Wanda gyaɗa ke tayar wa da borin jini a yi masa da aya da riɗi kawai, a turmin da aka wanke tas. Aya ba dangin gyaɗa ba ce, saiwa ce. Kuma don Allah a tsince gyaɗar. Wadda ta yi fumfuna ko ta yi ɗaci guba ce ga hanta, a zubar, kar a ce asara.

Ku dubi lissafin da kanku. Tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da babba ke sha a rana ya wuce kimanin ƙaramin cokali 12, in ya tsaya a 6 ya fi. Ƙaramar kwalbar lemo ɗaya tana ɗauke da wajen 9. Gwamnatin tarayya ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi a dokar kuɗi ta 2021, amma wa ya fasa sha saboda naira goma? Haraji ba ya shiga ɗakin biki. Uwar biki ce ke shiga, ita ke yanke abin da za a ɗora a tire.

Masu shaguna, da ku nake. Abin da ya fi wahalar samu a wannan haɗi shi ne garin koko zalla, marar sukari. Kayan shayin gwangwani da ke jere a kantunanku ba su ne ba. Ku juya gwangwanin ku karanta, za ku ga sukari da madara a sahun gaba na abin da aka haɗa. Zallan sai an aika Katsina ko Kano wurin masu kayan kek. Koko ya yi tsada a 2024, gaskiya ne, har tan ɗaya ya haura dala 10,000 a kasuwar duniya. To amma cokali uku ake nema. Ku saro kilo ɗaya, ku ƙulla ƙanana yadda kuke ƙulla kori da yis, ku gani in zai kwana.

Ku kuma mata masu sana'ar cikin gida, a Dutsin-Ma, garin da ke da Jami'ar Tarayya tun 2011, ga Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, ga ma'aikata da ɗalibai daga ko'ina a ƙasar nan, ba a rasa masu neman abin taɓawa wanda ba zai tayar musu da ciwo ba. Sai dai ku riƙe amana. In kin ce babu sukari, to kar ki ɗan barbaɗa don ya fi shiga. Ki manna 'yar takarda a jikin roba ki rubuta abin da ke ciki: dabino, gyaɗa, aya, koko. Kar ki ce yana maganin suga, ba ya yi. Ɗaliban da ke karanta kimiyyar abinci da sinadarai, ga aikin bincike a ƙofar makarantarku: ku auna mana wannan dunƙule, ku faɗa mana da Hausa abin da ke cikinsa da kwana nawa yake yi kafin ya lalace a zafin bazara.

Iyaye masu shirin aurar da 'ya'ya bayan girbi, in ana lissafin kayan gara da na tarbar baƙi, a ware kwano ɗaya na masu doka, a sa yarinya mai hankali ta kai musu da hannunta. Ranar Laraba kasuwar Dutsin-Ma ke ci. Mai zuwa sayen cefane ya ƙara da aya gwangwani biyu da gyaɗa da dabinon da zai cika tafin hannu, a sauke turmi a wanke shi tun daren Talata don ya bushe.