Sitiroberi A Banyo: A Fara Gyara Buhun Taki Tukuna

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa sauka Jos da sanyin hunturu ya ga 'yan kwanduna na wani jan ɗan itace mai ƙananan ƙwayoyi a jikinsa, ana tallarsa a bakin titi. Shi ne sitiroberi, wanda masu jin Faransanci ke ce wa firez. Manoman Chaha da ke kusa da Vom a jihar Filato sun mai da shi sana'a, ana kai shi Abuja da Legas. A Burkina Faso ma, masu lambun Bulmiyugu da ke gefen Wagadugu sun shafe shekaru da dama suna nomansa, har ana fitar da shi zuwa maƙwabtan ƙasashe. To idan Wagadugu mai zafi ta iya, me zai hana Banyo, wadda ke kan tudu sama da mita 1,000, ga sanyi daga Disamba zuwa Fabrairu, ga tsaunukan Mambila a maƙwabtanmu? Garwa dai zafinta ya yi masa yawa, amma tana da otal-otal da ma'aikata masu saye, haka ma Ngaundare, inda jirgin ƙasa ke tashi zuwa Yawunde.

Ra'ayin wannan jarida shi ne a gwada. Sai dai muna so 'yan kasuwarmu su san cewa wannan noma ba a gona kaɗai ake cin ribarsa ko asararsa ba. Rabinsa a rumfar mai sayar da taki ake yanke hukuncinsa.

Dalili kuwa shi ne, sitiroberi shuka ce mai tsirfa. Saiwarta ba ta nutsawa ƙasa sosai, yawancinta ba ta wuce taƙi ɗaya. Ba ta jure ƙishi, ba ta son ruwa ya kwanta mata, kuma ba ta son gishiri ko kaɗan. Idan aka watsa mata ruwa ta sama da bokiti kamar yadda ake yi wa alayyafo, 'ya'yan kan jiƙe su yi fumfuna su ruɓe. Shi ya sa manyan masu nomanta a Masar da Maroko suka koma ga ban-ruwa na ɗigo: siririn tiyo ne ake shimfiɗawa a kan kunya, da 'yan ƙofofi a jikinsa, ruwa na ɗiga a gindin kowace shuka. Wannan dabara ta bazu ne bayan da aka kafa kamfanin Netafim a hamadar Isra'ila a 1965, kuma cibiyar bincike ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai ta yi aiki a kan irin wanda ƙaramin mai lambu zai iya amfani da shi da tanki ɗaya a kan dandamali, ba tare da inji ba.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne, ta cikin wannan tiyon ake ba shukar abincinta. Ana narkar da taki a ruwa, a tura shi kaɗan-kaɗan, sau da yawa, maimakon a zuba shi gaba ɗaya ruwa ya wanke rabinsa. Kuma abincin na canzawa da girman shukar. Tana ƙarama tana buƙatar abin da zai kafa mata saiwa da ganye. Da ta fara fure da 'ya'ya sai a rage mai sa ganye, a ƙara sinadarin fotash da na kalsiyam, domin su ke sa ɗan ya yi zaƙi ya yi ƙwari. Manomin da ya ci gaba da ɗura yuriya har lokacin tsinka zai ga gona kore shar, gwanin sha'awa, amma 'ya'yan za su fito lagwai-lagwai, ba zaƙi, kuma ba za su kai Tibati da rai ba, balle Ngaundare. Wanda ya sari wannan kaya, shi ne zai zubar da shi a bola.

A nan ne maganar ta iso rumfarmu. Takin da ya cika kasuwanninmu shi ne kamfa mai tsakuwa, wato 15-15-15 ko 20-10-10, da yuriya. Yuriya na narkewa tas. Kamfa kuwa an yi shi ne don a watsa a ƙasa, ba ya narkewa duka, yana barin laka a gindin tanki. Wannan laka ita ke toshe ƙofofin tiyo, kuma ƙofar da ta toshe shuka ɗaya ce ta mutu da ƙishi ba tare da mai gona ya ankara ba. Bayan haka, yawancin fotash ɗin da ke cikin irin wannan taki mai gishirin kulorid ne, wanda ke ƙona gefen ganyen sitiroberi. Abin da ake buƙata shi ne taki na gari wanda aka rubuta a buhunsa cewa yana narkewa ɗari bisa ɗari. Ko shi ma da ƙa'idarsa: ba a haɗa mai kalsiyam da mai fosfet ko salfet a tanki ɗaya, domin sai su daskare su zama farin alli a cikin tiyo. Ana ba da su ne daban-daban, a bi bayansu da ruwa tsantsa a wanke layi, kuma dole a sa matata a bakin tanki, musamman ga mai ɗiban ruwan mayo.

Yanzu a ce manomi ya zo ya tambayi takin ɗigo, mai rumfa ba shi da shi, sai ya ce masa ai duk ɗaya ne, ya auna masa kamfa a kwano. Ya ci ribar kwano biyu. Manomin kuwa ya yi asarar tiyo da irin da ya sayo da tsada, ya kuma gaya wa duk ƙauyensu cewa ɗigo ƙarya ce. Mun san wannan hali, domin shi ya ɓata sunan magungunan feshi da dama a yankin nan: a juye a wata kwalba, a cire takarda, a ƙara ruwa. Alhaji, idan ba ka da shi, ka ce babu. Cewa babu ba ta taɓa karya jarin kowa ba.

Ba mu manta da halin da masu shigo da kaya ke ciki ba. Sun ga rufe iyakar Najeriya daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Sun ga yadda farashin taki ya yi tashin gwauron zabi a 2022 bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukuren. A wannan shekarar ce aka buɗe masana'antar yuriya ta Dangote a Legas, sannan faɗuwar naira tun daga 2023 ta sa mai riƙe da sefa ya ga kayan Najeriya da araha. Duk wannan ya sa yuriya ce ta fi saurin zuwa hannu, amma yuriya kaɗai ba ta noma sitiroberi. Haka kuma, wasu nau'o'in taki na cikin kayan da jami'an tsaro ke sa wa ido a arewa maso gabashin Najeriya saboda ana haɗa abubuwan fashewa da su. Wanda zai shiga wannan harka ya bi ta ƙofa, da takardunsa da rasiɗinsa, kada ya bi ta taga ya jawo wa kansa da 'yan rumfarsu abin da ya fi asarar kuɗi.

Ga manoma kuma, shawararmu ita ce kada kowa ya sayar da saniya ya zuba a wannan noma a shekarar farko. A fara da 'yan kunyoyi. A san mai saye tun kafin a dasa, domin kaya ne da ba ya wuce kwana biyu zuwa uku idan babu sanyi, kuma duk wanda ya bi hanyar Banyo zuwa Tibati ya san ba hanyar kayan lallaɓa ba ce. Abin da zai kwantar da hankali shi ne, tiyon da tankin ba sa tashi a banza ko da sitiroberin bai karɓu ba. Tumatir da tattasai da attaruhu duk suna amsa wannan ban-ruwa, kuma su kasuwarsu a buɗe take tun kaka da kakanni. Mu a ganinmu ma, ta nan ya kamata mai ƙaramin ƙarfi ya koyi hannu.

Kamaru na da dokar taki tun 2003, Najeriya kuma ta yi tata ta kula da ingancin taki a 2019. Dukkansu sun tanadi a san abin da ke cikin buhu. Muna kira ga wakilan ma'aikatar noma na Mayo-Banyo da su fito daga ofis su zaga rumfunan taki ranar kasuwa, su kuma nemi cibiyar bincike ta IRAD ta kafa gonar gwaji ko da guda ɗaya ce, inda manomi zai ga tanki da matata da idonsa. Gidajen rediyon yankin su ba da fili a karanta abin da ke rubuce a jikin buhu da Hausa da Fulatanci, tunda rubutun da Faransanci ko Turanci yake zuwa. Sarakunan kasuwa na Banyo da Mayo-Darle da Bankim kuma su zauna da masu sayar da taki kafin rani ya kama, su amince cewa takin ɗigo ba za a sayar da shi a kwano ba, sai a cikin buhunsa ko ledarsa ta asali, da takardarsa a manne.