Wane Babur Za Mu Saya Idan Dama Ta Samu?

Duk wanda ke leƙa TikTok a cikinmu ya ga manyan baburan nan marasa rufi irin Yamaha MT-07 da Kawasaki Z650, injinsu a fili, ƙararsu kamar hadari. Mu ma a jami'a mun sha musu a kansu har a kira sallar Isha'i. Sai dai mu da muka fito daga Sabon Birni da Isa, da zarar mun zo hutu musun yakan sauya.

Ƙarfin injin MT-07 ya kai cc 689, na Bajaj Boxer ɗin 'yan kabu-kabu kuwa cc 100 ne. Amma a ce wani abu ya lalace a injin kana kan hanyar Gatawa da yamma ta yi, wane bakanike ne ke da kayan gyaransa? Boxer kam, yaron shago ma zai kwance maka shi. Ga tsadar mai tun da aka janye tallafi a 2023.

Akwai abin da ya fi wannan nauyi. A yankinmu babur mai gudu da ƙyalli ido yake ja: ɗan bindiga na kwaɗayinsa, jami'in tsaro kuma na zargin mai shi. Ba mu manta 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya aka kuma hana sayar da mai a jarka.

Saboda haka ƙannenmu, idan Baba ya ce ku zaɓa, ku fara tambayar bakaniken garinku, ku tabbatar takardun sun cika, sannan ku ware kuɗin hular kwano kafin na kwalliya.